Yadda saurin nauyi ke sauya taurin ƙasa

Madatsar ruwa ta Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai, a arewacin jihar Kano, da ƙasa aka gina ta, kamar dai yawancin madatsun jihar. Ƙasa ce aka shimfiɗa hawa-hawa, ana yayyafa mata ruwa ana daɓewa, har ta zama bangon da ke tare ruwan da ya haura kubik mita miliyan 100 idan madatsar ta cika.

Tun bayan kammala ta a shekarar 1980, manoman rani da masunta da makiyayan yankin sun dogara a kanta, kuma daga gare ta ake tace wani ɓangare na ruwan shan da ake turawa Kano. Garuruwa da gonakin da ke gangarenta kuwa, zaman lafiyarsu ya ta'allaƙa ne ga yadda wannan tarin ƙasa zai jure nauyin da ke hawa kansa yana sauka, shekara da shekaru.

Tambayar da injiniyoyi kan fara yi game da irin wannan gini ita ce, yaya taurin ƙasar yake? Binciken da aka shafe fiye da shekaru 70 ana yi ya nuna cewa amsar ba lamba guda ba ce. Ƙasa ɗaya takan nuna tauri iri-iri, gwargwadon saurin da nauyi ya zo mata da shi, da kuma yawan maimaita shi.

Tauri da ƙarfi

Masana kimiyyar ƙasa suna bambanta abubuwa biyu da akan haɗa su a magana ta yau da kullum. Ƙarfi shi ne iyakar nauyin da ƙasa za ta ɗauka kafin ta zabtare. Tauri kuwa shi ne yadda take ƙin sauya siffa tun kafin a kai ga wannan iyaka.

Tukunyar ƙasa tana da tauri, ba ta lanƙwasa, amma da zarar ta faɗi sai ta fashe. Bulalar fata ba ta da tauri ko kaɗan, amma ba ta tsinkewa da sauƙi.

Nauyin da ya fi damun injiniyoyi shi ne wanda ke tura ƙasa ta gefe. Idan aka jera tabarmi ashirin a kan juna aka tura ta saman da hannu, kowace za ta ɗan goce a kan wadda ke ƙarƙashinta, tarin ya karkace. Haka ƙasa ke yi idan ruwa ya turo bangon madatsa, ko girgizar ƙasa ta taso mata daga ƙarƙashi. Taurin da ake magana a kai shi ne yawan turin da ake bukata kafin a samu wata karkata da aka ƙayyade.

Ana auna karkatar ne da kashi cikin ɗari. Idan dunƙulen ƙasa mai tsayin mita ɗaya ya goce daga sama da santimita ɗaya, ya karkata da kashi 1 cikin 100 ke nan.

A karkata 'yar mitsitsiya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita a kowace mita ba, wato ba ta kai kaurin silin gashi ba, ƙasa takan koma daidai yadda take da zarar an sake ta. A nan ne take nuna iyakar taurinta. Daga nan kuwa, duk yadda karkatar ta ƙaru, taurin raguwa yake yi.

A shekarar 1970, Harry Bolton Seed da Izzat Idriss na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka sun tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama, inda suka nuna cewa idan rairayi ya karkata da milimita ɗaya a mita, taurinsa kan faɗo zuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na asali. A 1991 kuma Mladen Vucetic da Ricardo Dobry suka nuna cewa yumɓu mai tsananin danƙo yakan riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na taurinsa a daidai wannan karkata.

Kai-da-komo

Nauyin da ke kan ƙasa ba kasafai yake zama wuri ɗaya ba. Yakan zo ya tafi, ya tura ta gabas ya dawo da ita yamma, kuma kowane irin nauyi da nasa saurin.

A Watari, ruwa kan cika da damina ya janye da rani, zagaye ɗaya ke nan a shekara. Igiyar ruwan da iska ke kaɗawa takan bugi bangon madatsar duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Girgizar ƙasa takan kai ta komo daga sau ɗaya zuwa sau goma a daƙiƙa guda, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Tayar tirela da ke gudu a kan kwalta takan danne wuri ta sake shi cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Babban janareta mai juyi 1,500 a minti yana jijjiga harsashinsa sau 25 a daƙiƙa, yayin da motar daɓe hanya mai jijjiga ke bugun ƙasa wajen sau 30.

Tsakanin zagayen madatsa na shekara da jijjigar janareta akwai bambancin sauri da ya kai ninki ɗaruruwan miliyoyi. Saboda haka ne lambar taurin da aka samu a wani sauri ba lallai ta yi aiki a wani ba.

Yumɓu da rairayi

Manoman Bagwai, kamar sauran na ƙasar Kano, sun daɗe da sanin bambancin jigawar da ke tudu da lakar da ke fadama. Jigawa takan shanye ruwa nan take, ga sauƙin huɗa. Laka kuwa takan riƙe ruwa, ta kama fartanya da damina, ta tsattsage da rani. Wannan bambanci shi ne tushen yadda kowace ke amsa sauri.

Ƙwayar rairayi takan kai daga kashi shida cikin ɗari na milimita zuwa milimita biyu, kuma ƙwayoyin a kan juna suke zaune kai tsaye. Idan rairayin busasshe ne, marar gaurayen laka, taurinsa kusan ɗaya ne, ko an tura shi da sauri ko a hankali.

Ƙwayar yumɓu ba ta kai kashi biyu cikin dubu na milimita ba. Faffaɗa ce kamar ɓawo, kuma tana ɗauke da cajin lantarki da ke manna mata wani siririn lulluɓin ruwa. Kafin ƙwaya ta goce a kan 'yar'uwarta sai wannan lulluɓi ya ba da hanya, abin da ke bukatar lokaci. Wanda ya taɓa juya zuma da cokali ya san cewa idan ya bi a hankali cokalin wucewa yake yi, idan ya yi gaggawa kuma sai zumar ta turje.

Arthur Casagrande na jami'ar Harvard yana cikin waɗanda suka fara auna wannan hali. A shekarar 1948, shi da William Shannon sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi dangane da mashigin ruwa na Panama, a lokacin da hukumomin Amurka ke son sanin abin da zai sami gaɓoɓin mashigin idan bom ya fashe kusa da su. Sun gano cewa yumɓun da aka danne cikin ƙiftawar ido ya fi wanda aka danne a hankali juriya sosai, yayin da ƙarin da aka samu a rairayi kaɗan ne.

Daga ire-iren waɗannan gwaje-gwaje aka fitar da ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita, cewa duk lokacin da aka ninka saurin nauyi sau goma, ƙarfin jiƙaƙƙen yumɓu kan ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100. Taurinsa ma yakan ƙaru, daga 'yan kashi kaɗan zuwa wajen kashi 10, kuma gwargwadon danƙon yumɓun, gwargwadon ƙarin.

Wannan magana tana da ɗaya fuskar. Tun da yumɓu na turje wa gaggawa, to yana sallama wa jinkiri. Nauyin da ya daɗe a kansa yakan sa shi ci gaba da sulalewa sannu a hankali, ko da ba a ƙara komai ba. A gwajin kai-da-komo ma, zagaye mai nawa yakan bar wa yumɓu karkatar da ba ta komawa fiye da zagaye mai sauri, domin nauyin ya fi daɗewa a kansa a kowane zuwa.

Aikin ruwa

Da a ce a nan maganar ta tsaya, da sai a ce sauri alheri ne ga ƙasa. To sai dai akwai ruwan da ke cikin 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyi, wanda ke juya lissafin.

Karl Terzaghi, wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan fanni na ilimi, ya bayyana a littafinsa da aka buga a birnin Viyana a 1925 cewa nauyin da ke kan jiƙaƙƙiyar ƙasa rabuwa yake yi biyu. Wani kaso ƙwayoyi ne ke ɗauka, wani kuma ruwa. Kason da ƙwayoyi suka ɗauka shi kaɗai ke ba ƙasa ƙarfi da tauri, domin ruwa ba ya iya tare turin gefe.

Idan nauyi ya zo a hankali, ruwan kan samu damar tsiyayewa, ƙwayoyi su ƙara matsar juna, ƙasa ta ƙara tauri. Idan ya zo da gaggawa, ruwan kan rasa hanyar fita, matsinsa ya hau, ƙwayoyi su sassauta riƙon da suka yi wa juna.

A kai-da-komo, kowane zagaye yana ƙara ɗan matsi. Muddin zagaye na gaba ya iso kafin matsin na baya ya sauka, to taruwa za su yi ta yi. Yaran da ke wasa a bakin rafi sun san haka, domin idan suka yi ta bubbuga ƙafa a kan jiƙaƙƙen yashi, sai ruwa ya taso, wurin ya koma kamar kunu, ƙafa ta nutse. Dobry da abokan aikinsa sun nuna a farkon shekarun 1980 cewa a rairayi wannan taruwar matsi takan fara ne idan karkata ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita a mita.

Ke nan abubuwa biyu ne ke jan igiya. Danƙon yumɓu yana ƙara tauri idan aka yi sauri, ruwan da aka kulle kuma yana rage shi idan aka yi ta maimaitawa. Wanda zai rinjaya ya danganta ga irin ƙasar, da yawan ruwan da ke cikinta, da girman karkatar, da yawan zagayen.

Hasali ma, ƙasar ce ke fayyace abin da ake kira sauri. Tsakuwa takan tsiyaye ruwa cikin daƙiƙoƙi, rairayi cikin mintoci ko sa'o'i, yayin da yumɓu mai kauri kan ɗauki watanni ko shekaru. Abin da ya faru cikin wata guda jinkiri ne ga rairayi, amma ga yumɓu gaggawa ce.

Yadda ake gwaji

Akan haƙa rami mai zurfi da inji, a ciro ƙasa cikin bututun ƙarfe ba tare da an dagula ta ba, a kai ɗakin gwaji. A can akwai na'urori iri-iri, kowace da saurin da take aiki a kai.

Akwai wadda ake tsayar da dunƙulen ƙasa mai siffar gwangwani a cikinta, a riƙa murɗa kansa da maganaɗisun lantarki, ana ƙara sauri har a kai inda ya fi kaɗawa. Masana a Japan ne suka fara amfani da ita a shekarun 1930, daga baya Bobby Hardin da Vincent Drnevich na jami'ar Kentucky suka inganta ta, suka wallafa sakamakonsu a 1972. Takan yi aiki ne a kan kaɗawa gommai zuwa ɗaruruwa a daƙiƙa.

Wasu na'urorin kuma danna ƙasar suke yi suna saki, ko su tura ta gefe su dawo da ita, yawanci sau ɗaya a daƙiƙa ko ƙasa da haka.

A fili kuwa, akan bugi ƙasa da guduma, a jera na'urorin sauraro, a auna saurin da jijjigar ke tafiya. A ƙasa mai laushi saurin ba ya kai mita 180 a daƙiƙa, a mai tauri yakan kai 360, a dutse kuma yakan wuce 760. Idan saurin ya ninka sau biyu, taurin ya ninka sau huɗu ke nan.

Matsalar tana tasowa ne wajen ɗaukar sakamakon wata na'ura a yi lissafin wani nauyi dabam da shi. A ƙaddara wani yumɓu yana ƙara tauri da kashi 5 cikin 100 duk ninki goma na sauri. Idan aka gwada shi a kaɗawa 100 a daƙiƙa, alhali nauyin da zai fuskanta sau ɗaya yake zuwa a daƙiƙa, an ƙara masa taurin da ba shi da shi da kimanin kashi 10. Idan nauyin sau ɗaya yake zuwa a daƙiƙa goma, kuskuren zai haura kashi 15.

Kazalika yumɓu kan nuna kamar yana shanye jijjiga sosai idan aka gwada shi a babban sauri, fiye da yadda yake yi a saurin girgizar ƙasa. Injiniyan da bai gyara wannan ba zai ɗauka cewa jijjigar da za ta iso ga gininsa ba ta kai yadda za ta kai ba. Kenneth Stokoe da ɗalibansa a jami'ar Texas da ke Austin suna cikin waɗanda suka yi fice wajen gwada dunƙule ɗaya a sauri daban-daban domin gano girman wannan tazara.

Darussa daga waje

Ranar 16 ga watan Yunin 1964, girgizar ƙasa ta auka wa birnin Niigata na Japan, wanda aka gina a kan jiƙaƙƙen rairayi. Matsin ruwa ya hau cikin daƙiƙoƙi, rairayin ya narke, wasu benaye suka kwanta a gefensu ba tare da bangonsu ya tsage sosai ba.

Ranar 9 ga watan Fabrairun 1971 kuma, girgizar San Fernando ta zabtare fuskar wata madatsar ƙasa da ke saman unguwannin birnin Los Anjelis. Abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin bangon bai wuce mita ɗaya da rabi ba, lamarin da ya sa aka kwashe mutane kimanin 80,000 har sai da aka rage ruwan.

A birnin Meziko, yumɓu ne ya yi ɓarna. Tsakiyar birnin tana kan tsohon tafki ne mai laka mai laushi da tsananin danƙo. Girgizar ranar 19 ga watan Satumban 1985 ta taso ne daga nisan fiye da kilomita 300, amma da yake irin wannan laka ba ta saurin rasa taurinta, kuma ba ta shanye jijjiga sosai, sai ta yi ta lilo sau ɗaya duk daƙiƙa biyu, tana ninka ƙarfin girgizar. Benaye masu hawa 6 zuwa 15, waɗanda lilonsu ya zo daidai da na lakar, su suka fi rushewa, dubban mutane suka rasa rayukansu.

A Ledsgard da ke ƙasar Suwidin kuwa, babu girgizar ƙasa. A 1997 ne aka lura cewa layin dogo yana lotsawa fiye da kima idan jirgi mai gudun kilomita 200 a sa'a ya wuce. Bincike ya nuna cewa jijjiga na tafiya ne da kimanin mita 40 a daƙiƙa a cikin lakar wurin, alhali jirgin na cin mita 55. Sai da aka rage gudun jiragen, daga baya aka ƙarfafa lakar da siminti da farar ƙasa.

Cikowa da janyewa

Misalin da ya fi kusa da halin madatsun Kano shi ne na madatsar San Luis a jihar Kalifoniya. A watan Satumban 1981, wani ɓangare na fuskarta da ke kallon ruwa ya zame, bayan an janye ruwan da kimanin mita 55 cikin kwanaki 120.

Masu bincike sun danganta lamarin da wani yumɓu da ke ƙarƙashin bangon. Yana bushe yana da ƙarfi, amma bayan ya jiƙa, cikowa da janyewar da aka yi ta yi shekara bayan shekara suka raunana shi, har janyewar da ta fi kowace girma ta zo ta ƙarasa shi.

Bayanin abin mai sauƙi ne. Idan madatsa ta cika, ruwa kan ratsa cikin bangon, kuma ruwan tafkin yana tokare da fuskar bangon daga waje. Idan aka janye tafkin da saurin da ya fi na tsiyayewar yumɓu, tokarin ya tafi, amma matsin ruwan da ke ciki yana nan. A wannan hali ne fuskar kan zame.

Duk madatsar ƙasa da ake ban-ruwa da ita a arewacin Najeriya tana yin irin wannan zagaye. Ruwan sama kan sauka ne tsakanin watan Yuni da Satumba, mafi yawansa a Agusta, daga nan kuma sai janyewa har ƙarshen bazara, ta hanyar ban-ruwa da zafin rana. Madatsar Watari ta yi wannan zagaye fiye da sau 40.

Ɓallewar madatsun da aka gani a yankin, wato Bagauda a jihar Kano a watan Agustan 1988, da Gusau a 2006, da Alau kusa da Maiduguri a watan Satumban 2024, duk sun biyo bayan ruwan sama ne mai yawa. Nan ma sauri na da hannu, domin tafkin da ya cika cikin 'yan kwanaki yana ɗora wa bango nauyi a lokacin da ƙasarsa ta riga ta jiƙe sharkaf.

Hanya, dogo da injuna

A kan hanya ma haka abin yake. Gwajin da aka fi amfani da shi a Najeriya wajen tantance burji da ƙasar da za a shimfiɗa kwalta a kai shi ne wanda ake kira CBR, wanda aka ƙirƙiro a Kalifoniya wajen shekarar 1930. Ana cusa wani ƙarfe ne cikin ƙasar sau ɗaya, da saurin kimanin milimita ɗaya a minti. Tayar mota kuwa sau miliyoyi take zuwa, kowane zuwa cikin ƙiftawar ido.

Saboda haka ne aka fito da wani gwajin a Amurka, wanda ke danna ƙasa na tsawon kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ya saurara na kashi tara, ya sake, domin kwaikwayon wucewar taya.

Babban gwajin hanya da aka yi a jihar Ilinoi tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninka kimanin sau 16. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima, tana tafiya a hankali a kan hanyar da ta ratsa fadama a tsakiyar damina, ta haɗa duk abubuwan da ƙasa ba ta so. Shi ya sa kwalta ta fi lotsawa a tasha, da shingen bincike, da hawa, inda manyan motoci ke rage gudu.

Masu aikin hanya suna cin moriyar wannan hali na ƙasa. Rairayi da tsakuwa da jijjiga ake daɓe su, domin ƙwayoyin su zauna. Yumɓu kuwa ba ya jin jijjiga sosai, sai an murƙushe shi da mota mai ƙusoshi a jikin gangarta, bayan an daidaita ruwansa bisa tsarin da Ralph Proctor ya fitar a 1933 domin ginin madatsun ƙasa. Magina na gargajiya da ke yayyafa ruwa suna bugun daɓe da madaɓi sun daɗe a kan wannan hanya.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon fiye da kilomita 280, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, ya bi ta ƙasar da yawancinta tudu ne mai tauri. A irin wannan aiki, wuraren da ake ba kulawa ta musamman su ne mashigan rafuka da fadamu, inda laka ke ƙarƙashin cikon, kuma kowane gatarin tarago zagaye ɗaya ne.

Ko injin niƙa da injin ban-ruwa ba su fita daga wannan lissafi ba. Idan saurin jijjigar inji ya zo daidai da saurin da harsashinsa ke lilo a kan ƙasar wurin, kaɗawar takan ƙaru, bangon da ke kusa ya tsage. Tun da taurin ƙasa na raguwa idan ta jiƙa, injin da ya zauna lafiya da rani yana iya fara girgiza ɗaki da damina. Maganin da aka saba shi ne harsashin kankare mai nauyi da faɗi, wanda aka raba shi da harsashin bango.

Girgizar ƙasa a Najeriya

Najeriya tana nesa da wuraren da manyan faifan ɓawon duniya ke haɗuwa, kuma ƙasar Kano tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. Haɗarin babbar girgiza kaɗan ne idan aka kwatanta da Japan ko Meziko.

Duk da haka an sha jin motsin ƙasa, kamar a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi a jihar Kaduna a watan Satumban 2016, da Mpape a Abuja a watan Satumban 2018. A Yammacin Afirka kuma, girgizar da ta auka wa birnin Ankara na Ghana a 1939 ta rusa gidaje ta kuma kashe mutane. Cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa a Najeriya tana garin Toro a jihar Bauchi.

Game da ƙasar gini kuwa, sassan koyar da aikin injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano sun daɗe suna nazarin jar ƙasa, da baƙar lakar arewa maso gabas mai kumbura da damina ta tsuke da rani. Jar ƙasar wurare masu zafi tana da sinadarin ƙarfe da ke manna ƙwayoyinta, don haka alƙaluman da aka samo daga yumɓun Turai da Amurka ba sa hawa kanta kai tsaye, sai an gwada ta a karan kanta.

Abin da ake sa wa ido

A madatsun ƙasa, ƙa'idar aiki a ko'ina ita ce a binne bututun auna matsin ruwa a cikin bango, a riƙa karanta su a kai a kai, a kuma kafa alamomi a saman bangon domin gano ko yana lotsawa. Ana kuma ƙayyade iyakar yadda za a rage ruwa a rana guda, domin a ba yumɓu damar tsiyayewa.

Akwai alamomin da ba sa bukatar na'ura. Tsagewar da ta bi tsawon saman bango, da kumburi a gindinsa, da ruwan da ke ɓuɓɓugowa da launin laka maimakon garau, duk abubuwa ne da ya kamata a kai rahotonsu ga hukuma ba tare da jinkiri ba. Haka nan itatuwa da suri da ramukan dabbobi a jikin bango, da ɗibar ƙasa a gindinsa, da bin samansa da manyan motoci masu lodi.

Lokuta biyu ne masu kula da madatsa suka fi zuba ido. Na farko shi ne watan Agusta zuwa Satumba, sa'ad da ruwa ke hawa da sauri. Na biyu kuma tsakiyar rani, lokacin da manoma suka fi bukatar ruwa, ake kuma buɗe ƙofofin madatsa fiye da kowane lokaci a shekara.